A Bar 'Yan Sakandare Su Zana Taswirar Unguwarsu

Idan baƙo ya kira ni a waya yana neman gidanmu, kwatancen da nake yi masa ba ya canzawa. "Ka sauka a bakin masallacin Juma'a, ka bi layin da ke kallon gabas, idan ka wuce mai shayi za ka ga wata tsamiya, sai ka sha kwana hannun dama, ka tambayi yara gidan malamin makaranta." Kuma yakan zo. Yaran ne ke rako shi har ƙofar gida, wani lokaci su riga shi yin sallama. Babu lungun da ba su sani ba. Sun san inda ruwa ke kwanciya da damina, sun san famfon da ya mutu da wanda ba ya kawowa sai da asuba, sun san gidan da ake da kare. Amma ka buɗe taswirar da ke cikin wayarka ka nemi irin wannan unguwa. Sau da yawa babban titi ɗaya za ka ga ya ratsa, sauran wurin fetal kamar ba kowa, ko kuma layuka birjik babu mai suna ko ɗaya.

Na yi shekaru ina riƙe da alli ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Waɗanda suka fi kowa sanin gari suna zaune a gabana cikin aji, ni kuwa ina koya musu karanta taswirar wani wuri da ba su taɓa zuwa ba, a kan tsohuwar takarda da ta sha hannu har layukan tudu da kwari sun fara gogewa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a koya wa 'yan sakandare aikin taswira na zamani da hannunsu, kuma a fara da unguwar da suke kwana a cikinta.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne darasin yana nan a rubuce. Duk wanda ya duba manhajar labarin ƙasa ta jarrabawar WAEC zai ga akwai GIS a ciki, wato tsarin haɗa bayanai da taswira a kwamfuta. Ɗalibaina sun iya kawo ma'anarsa da ka, su jero maka ɓangarorinsa ba gargada: na'ura, manhaja, bayanai, mutane, hanyar aiki. Sun ci maki da shi. Amma ban tuna wanda ya taɓa buɗe irin wannan manhaja ko sau ɗaya kafin ya gama makaranta ba, kuma ni kaina, in faɗi gaskiya, na koyar da shi shekara da shekaru kafin in taɓa shi. Koyon iyo ne a tudu.

Alhali abin ba tsafi ba ne. Wayar da ke aljihun yayan ɗalibi tana sauraren taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita 20,000 da 'yan kai sama da mu. Kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake. Idan waya ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da inda take tsaye, da kuskuren da ba ya wuce 'yan mitoci idan a sarari ake. Ba ta buƙatar data ko kati don wannan, sauraro kawai take yi. Sojojin Amurka ne suka kafa tsarin, kuma sai a watan Mayun 2000 suka daina dagula siginar da suke bai wa farar hula da gangan. Yanzu Rasha da Sin da Tarayyar Turai kowa na da nasa, wayoyi da yawa kuma suna jin su duka. Yaron da ya fahimci wannan ya ga amfanin lissafin gudu da lokaci da nisa da ake ba shi a ajin kimiyya, wanda a da yake ɗauka azaba ce kawai malamai suka ƙirƙiro.

GIS kuwa, ka ɗauka kana da takardu masu shara-shara. A kan ɗaya ka zana gidaje, a kan wata rijiyoyi, a kan wata masai da kwatami, a kan wata gidajen da aka yi rashin lafiya. Kowace ita kaɗai ba ta ce komai ba. Sai ka ɗora su kan juna ka ɗaga wa haske, nan take tambaya ta fito da kanta. Haka wani likita mai suna John Snow ya yi a Landan a 1854, lokacin da kwalara ta ɓarke a unguwar Soho. Ya sa alama a kan taswira a duk gidan da aka yi rasuwa, sai ga alamomin sun yi dandazo a kewayen famfo ɗaya a titin Broad. A zamanin da likitoci suka yi imani cewa wari ne ke yaɗa cutar, taswira ta nuna ruwa. Babu kwamfuta a lokacin. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri da yawa, tunanin dai shi ne ɗin nan.

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. A 2012 an samu yara 122 da cutar shan inna ta kama a Najeriya, fiye da rabin na duniya gaba ɗaya a wannan shekara, kuma kusan dukkansu a Arewa. Ɗaya daga cikin matsalolin shi ne masu riga-kafi suna aiki da taswirar mazaɓa da aka zana da hannu, wadda ta dogara da abin da mai zanen ya tuna. Rugar da bai tuna ba, ko ƙauyen da ke kan iyakar mazaɓu biyu kowa na zaton na ɗan'uwansa ne, sai a tsallake su zagaye bayan zagaye. Da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, aka bi ana ɗaukar wurin kowane ƙauye da sunansa, aka kuma ba tawagogi wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai aka ga giɓin ƙuru-ƙuru. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Ba zan ce taswira ce kaɗai ta kori cutar ba, domin sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida cikin rana sun yi abin da na'ura ba za ta iya ba. Amma lokacin da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020, taswira na da kasonta a cikin ladan. Kuma waɗanda suka hau babura suka shiga ƙauyukan nan suna danna waya, 'ya'yanmu ne, ba Turawa ba.

To me zai hana a fara tun daga aji huɗu na sakandare?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a ɗakin malamai. Makarantar da yara ke zaune a ƙasa, rufin kwano ya yaye, malami ɗaya na fama da ɗalibai sama da ɗari, ita ce za a yi wa maganar tauraron ɗan'adam? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Amma tana ɗauke da wani zato da nake ganin kuskure ne, cewa sai an gina ɗakin kwamfuta mai na'urar sanyaya ɗaki kafin a fara. Irin wannan ɗaki na gan shi da idona. An kawo kwamfutoci, an yanka zare, an ɗauki hoto, aka kulle. Makulli yana wurin shugaban makaranta don tsoron kada wani abu ya ɓace a tuhume shi, wuta babu, janareta babu mai. Bayan shekara uku ƙura da gizo-gizo ne suka ci moriyarsa. Idan abin da za a sake yi ke nan da sunan koyar da taswirar zamani, gara a bar kuɗin a sayi benci.

Abin da nake nufi ya fi haka araha nesa ba kusa ba. Wata rana na sa aka buga mini hoton unguwar da makarantarmu take daga sama, a babbar takarda, a wani shagon buga takardu. Na shimfiɗa shi a kan tebur ban ce komai ba. Minti biyu ba a yi ba aji ya kaure. Wannan ya gano filin ƙwallo, wancan ya gano rufin gidansu saboda darbejiyar da ke tsakar gida, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta a aji ba ta ce, "Malam, hoton nan tsoho ne, nan wurin an gina shaguna." Ita ce ta fara koyar da darasin ranar, domin ta gano abin da manya da yawa ba su sani ba, cewa hoton sama ma yana da ranar da aka ɗauke shi, kuma yana tsufa. Na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da yankinsa da fensir, suka fita suka dawo da alamar kowace rijiyar burtsatse da famfo, mai aiki da matacce. Waya biyu muka yi amfani da su, tawa da ta wani abokin aikina. Kwamfuta ɗaya tak, ita ma aro.

Kayan aikin kyauta suke. QGIS manhaja ce da ƙwararru ke aiki da ita a ma'aikatu, ba a biyan ko kwabo, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman intanet. KoboToolbox na ba mutum damar tsara tambayoyi a waya, a cike su a inda babu sabis, kowace amsa da wurin da aka ɗauke ta. Hotunan da taurarin ɗan'adam na Landsat na Amurka ke ɗauka, waɗanda aka fara tun 1972, an sake su kyauta a 2008. Na Sentinel-2 na Turai su ma kyauta ne, kuma suna sake ɗaukar wuri ɗaya duk bayan kwana biyar. Malami zai iya jera wa ɗalibai hotunan Tafkin Chadi su ga da idonsu yadda ruwan da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya bar kaso kaɗan a shekarun 1980, su kuma ga yadda yake ƙaruwa yana raguwa tun daga lokacin, abin da littafin aji ba ya faɗa. Ɗan Kano zai iya ja da baya a Google Earth ya ƙirga kududdufan da ke cikin birni shekaru ashirin da suka wuce, ya ƙirga waɗanda suka rage, ya ga inda ganuwa ta koma fuloti. Daga nan ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ruwan sama na awa biyu ke shiga ɗakin mahaifiyarsa ba. Ruwan da kududdufi ke sha a da, yanzu ba shi da masauki.

Sai kuma OpenStreetMap, wadda ita ce ta fi burge ni. Taswirar duniya ce da wani ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara a 2004, kowa na iya shiga ya ƙara abin da ya sani, kamar yadda ake rubuta Wikipedia. Da girgizar ƙasa ta rusa babban birnin Haiti a Janairun 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da su. A Nairobi, matasan unguwar Kibera sun tashi a 2009 suka zana unguwarsu da kansu, wadda dubban ɗaruruwan mutane ke zaune a ciki amma kusan babu ita a taswirar hukuma. A Darussalam ta Tanzaniya, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni sun bi magudanan ruwa ɗaya bayan ɗaya daga 2015 suna sa su a taswira saboda ambaliya. Ba na jin ɗan Fagge ko ɗan Tudun Wada ko ɗan Zariya ko ɗan Damagaram ya gaza ɗan Kibera da komai.

Maganar ambaliya ita ce ta sa nake ganin abin na gaggawa ne. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ga mummunar ambaliyar da ta auku a Mokwa ta jihar Neja. Mutanen Haɗejiya da Ringim da Auyo kuwa kusan kowace damina da fargaba suke kwana. Tauraron ɗan'adam zai nuna maka inda ruwa ya kwanta. Ba zai nuna maka kwalbatin da shara ta toshe ba, ko layin da mota ba ta iya shiga, ko tudun da mutanen unguwa suka saba gudu su fake a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce kowace makarantar sakandare da ke bakin kogi tana da taswirar da ɗalibanta ke sabuntawa kowace shekara, an liƙa ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, an kai ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma, da masu agaji ba su riƙa isowa suna tambayar hanya a ranar da ruwa ya riga ya kai ƙirji ba.

Akwai wani ƙorafi da ya fi na benci ƙarfi, shi ne tsaro, kuma a nan dole a yi hattara. A yankunan da 'yan bindiga ke addabar jama'a, babu mai hankalin da zai tura yara daji da waya suna ɗaukar wurare. Ko a cikin gari, akwai abin da bai kamata ya hau taswirar da duniya ke gani ba: gidan wane, yawan shanun wane, ɗakin kwanan ɗalibai mata, hanyar bayan makaranta. Jirgi maras matuƙi ma ba abin wasan yara ba ne, tashinsa na buƙatar izinin hukuma. Amma a wurina wannan dalili ne na koyarwa. Yaran nan suna riƙe da wayoyin ko mun so ko mun ƙi, suna ɗaukar hoto suna watsawa ba tare da sanin cewa hoton na iya ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke shi ba. Wanda aka koya wa yadda abin ke aiki shi zai san abin da zai ɓoye. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ban ga ajin da ya fi wannan dacewa a fara yi wa matashi bayaninta ba. Kafin a fita kuma a je a gaida mai unguwa, a gaya masa abin da za a yi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kallon baƙo mai auna fili a unguwar awon igiya ya san dalili: kowa zai ɗauka rusau ne ke tafe.

Wani abin da nake tsoro shi ne a mayar da yaran leburori. Wata ƙungiya ta zo da riguna da huluna, ta sa su tattara bayanai kwana uku, ta kwashe ta tafi ta rubuta rahoto, su kuwa ko taswirar ba su gani ba. Wannan aikin ƙwadago ne ba lada. Idan yaro bai zauna ya ɗora bayanan kan juna da kansa ya yi tambaya ya nemi amsa ba, bai koyi komai ba sai danna waya, wanda dama ya fi malaminsa iyawa.

Kada kuma a ce 'yan mata su zauna a aji maza su fita. A garuruwanmu namiji baligi ba ya wuce zaure. Rijiyar da ke tsakar gida, da nisan da ke tsakaninta da masai, da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, yarinya ce ke iya shiga ta gani. Taswirar ruwa da tsafta da aka yi babu mata rabin taswira ce.

Game da aikin yi, ba zan yi wa kowa alƙawarin da ba nawa ba. Gaskiya ne Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, duk hukumomi ne da ke aikin filaye da wannan fasaha, kuma hukumar ƙidaya ta shata yankunan ƙidayar da aka shirya yi a 2023 da ita kafin a ɗage. Akwai makarantar safiyo ta tarayya a Oyo, akwai cibiyar koyar da aikin taswirar zamani ta AFRIGIST a Ile-Ife. Wasu daga cikin yaran za su bi wannan hanya su ci abinci. Mafi yawansu ba za su bi ba. Za su zama manoma da 'yan kasuwa da kansiloli da limamai da matan gida. Amma manomin da ya san yadda ake zagaya gona da waya a fitar da faɗinta, ba a cuce shi wajen rabon taki ko gado cikin sauƙi. Dagacin da ya san a sa burtali da mashaya a taswira tun kafin a nome su, ya rage wa kansa zaman sulhu. Jamhuriyar Nijar ta daɗe da gane haka, tun da dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke shata hanyoyin dabbobi.

Akwai kuma wani darasi da ba a rubuta a manhaja ba, wanda yaro ba ya samunsa sai ya zana taswira da hannunsa: zai gane cewa mutum ne ke zaɓar abin da zai sa da abin da zai bari. Daga ranar ya daina kallon taswira kamar saukakken abu. Mu da aka raba Katsina da Maraɗi, aka raba Daura da Damagaram da layin da Ingila da Faransa suka yi ta ja suna gyarawa a 1898 da 1904 da 1906, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Lokacin da matafiyin Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa bayanin ƙasashe da yadda kogin Kwara ke tafiya, Clapperton kuma ya koma gida da taswirar da daga baya aka buga a Landan a 1826 da sunan Bello a kanta. Baturen ne ya zo tambaya.

Sunaye ma abin dubawa ne. Yawancin taswirorin waya ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sukan rubuta sunan gari yadda wani jami'in mulkin mallaka ya ji shi da kunnensa. A OpenStreetMap akwai gurbin da ake sa sunan wuri da Hausa, da lanƙwasarsa daidai. Na ba ɗalibaina aikin gida su tambayi tsofaffin gidansu sunan kowane lungu da dalilin sunan. Wani yaro ya dawo da sunaye bakwai na wuraren da ni da na girma a garin ban taɓa ji ba, har da wata marina da aka cike tun kafin a haifi babansa. Kakarsa ce ta ba shi. Ya ce da ya nuna mata hoton daga sama ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan wani shagon sayar da siminti ta ce nan ne rijiyar da aka ɗebo ruwan wankan aurenta. Ya tambaye ni ko ana sa abin da babu shi yanzu a taswira. Na ce masa ya buɗe sabon shafi a kan na rijiyoyi, ya sa mata alama da launi daban.